Bajamushiyar Gidan Sarki a Ruwais

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Umma makwancinta. A Ruwais, unguwarmu a Jidda, ba wanda ya san ta da Hilda, sunan da iyayenta suka raɗa mata a Jamus. Hajiya Maryam ake ce mata, ko kuma Sarauniya, saboda mahaifina shi ne Sarkin Hausawan unguwarmu. Sarauta ce da ba fada, ba dogari. Idan alhaji ya ɓata, ko wani ya rasu ba dangi, ko ma'aurata sun saɓa, gidanmu ake nufa.

Aikin jinya ne ya kawo ta Jidda tana budurwa. Baba yakan kai alhazai marasa lafiya asibitin da take, ya tsaya yi musu tafinta, a haka suka saba. Ta musulunta, aka ɗaura aure, ta tare a cikinmu kamar a nan aka haife ta. Tana tuƙa tuwo, tana zuwa suna da ta'aziyya da abayarta, amma har ta tsufa kosai take cewa, ƙ ta gagare ta. Matan da ba su da iƙama, wato takardar zama a ƙasar, masu tsoron asibiti, a hannunta suke haihuwa, ba ta taɓa tambayar kowa takarda ba.

Abu ɗaya ta hana mu, ni da yayana Usman: harshenta. Na taɓa roƙonta ta koya mini ko da gaisuwa ce. Ta ce, "Wa za ki gaisar da shi, Zainabu? Yalla, je ki ɗora shayi." Ban sake tambaya ba.

Bayan rasuwar Baba hankalinta ya fara gushewa. Larabci ne ya fara barinta, Hausa ta bi baya. A shekararta ta ƙarshe Jamusanci kawai ya rage a bakinta. Za ta riƙe mini hannu ta yi ta magana, muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya, ni kuwa sai dai in ce, "To, Umma," ban san abin da na amsa ba. Uwar da ta haife ni tana roƙon wani abu a gabana kullum, na kasa sanin ruwa take so ko addu'a.

Usman ne ya samo wani dattijo Bajamushe, injiniya a tashar jiragen ruwa, ya roƙe shi ya zo. Bayan la'asar ya iso, ya zauna a bakin gadonta ya gaishe ta. Fuskar Umma ta yi haske. Ta daɗe tana magana, yana saurare, har na ga ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Da ya juyo, sai ya ce mana cikin Larabcinsa na koyo, "Ba da ni take ba. Da mahaifiyarta take. Tana tsaye a bakin ƙofar gidansu, ƙanƙara na zuba. Cewa take, ki buɗe, ko ni ba za ki bari in shiga ba, ki karɓi jaririyar, tana jin sanyi."

Ni ce jaririyar. Tun ina ƙarama na san an taɓa zuwa da ni Jamus a goye, da niyyar yin wata guda, aka dawo ba a yi mako ba. Baba yakan ce sanyi ne bai karɓe ni ba. Ashe ƙofar ce ba a buɗe ba. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga, ta ga 'yarta da lulluɓi, ta ga jikarta baƙa, ta saki labule. Umma ta dawo da wannan a cikinta, ta yi ta karɓar 'ya'yan mutane a hannu, ba ta gaya wa kowa ba.

Yau gidanmu na Ruwais babu shi, rusau ya bi ta layinmu. Mutanen Baba sun watse, wasu Aziziyya, wasu Sharafiyya, wasu sun koma ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Ba a naɗa wani sarki ba. Nakan tambayi kaina me Umma za ta ce in ta ga filin. Nakan kuma tuna cewa wayar da ke jakata yanzu tana fassara kowane harshe nan take. Da tana nan a lokacin, da na ji roƙon nan da kunnena kullum har shekara guda. Ban sani ba ko da na iya ɗauka. Har yanzu idan na'urar sanyaya ɗaki ta yi ƙarfi, sai in tashi in kashe, muryarta nake ji.

Abin da ya rage nata ba shi da yawa a ido. Akwai magidanta masu furfura da kan tare ni a kasuwa su ce, "Khala Zainab, a hannun Sarauniya na faɗo duniya." Akwai kuma 'yata Salma, wadda ta ɗebo idanunta. Salma tana jin Hausa, amma da Larabci take amsa mini, ga shi ta koyi Jamusanci da kanta ba tare da ta shawarce ni ba. Kwanan baya ta ce ta gano garin su Umma a Jamus, har ta gano cewa 'ya'yan ƙanin Umma suna zaune a gidan.

"Ummi, ina so in je in ƙwanƙwasa," in ji ta. "Ba abin da nake nema. So nake su ga fuskar jikar Hilda, halas, shi ke nan."

Na kwana biyu ina juya maganar. Na rasa ko Umma za ta hana, ko za ta ɗaura mata kaya da kanta. Daga ƙarshe na ce ta tafi, Allah ya tsare. Sharaɗi ɗaya na kafa mata: ta bari sai lokacin zafi.