Albam ɗin da na ji rabinsa

A Birnin Kebbi, idan ka ce kana son kiɗan da babu mawaƙi a cikinsa, kallon mara lafiya ake yi maka. Mu ƴan kaɗan ne masu wannan ciwo, kuma mun san juna. Abin da muke bi shi ne kiɗan kwamfuta, da aikin yaran nan da ke haɗa albam a ɗakin kwanansu, ba kamfani ba ubangida, su saka a intanet, wanda Allah ya nufa ya tsinta. Duk tsawon shekara muna tura wa juna irin waɗannan a guruf ɗinmu na waya. Idan watan Disamba ya kama kuma, sai mu ɗunguma Argungu, mu zauna bakin gulbi, mu ci kifi, mu yi ta musu kan wane albam ne na ɗaya, wane ne na biyu, har murya ta dushe.

Muna da doka guda da muke taƙama da ita. Wata shekara wani ya zo yana kumfar baki a kan albam ɗin da ko buɗe shi bai yi ba, sharhi kawai ya karanta. Tun daga nan aka ce ba mai jefa ƙuri'a sai da shaida: ku zauna ku biyu, iyafis ɗaya, kowa ya sa baki guda a kunnensa, ku saurara tare. Mun ɗauka mun ƙure wayo.

Abokin sauraro na kullum taubashina ne, ɗan kawuna, tela a unguwar Nasarawa. Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, don haka bai taɓa kirana da wani suna ba sai bawansa. Ni kuma injin casar shinkafa nake tuƙawa a wajen Zauro. Daga safe zuwa la'asar ina tsaye ina juye shanshera, injin na ruri a gefen damana. Idan na tashi aiki, wani siririn fito yakan bi ni har gida, ya kwana tare da ni. Ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

A shekarar da nake magana, albam biyu ne suka raba mu. Nawa mai nauyi ne, ganga na dukan ƙirji kamar ana daka a maƙwabta. Na taubashina kuwa wata yarinya ce ta haɗa shi, ita kaɗai da tsohuwar kwamfutarta, kiɗi ne mai sanyi da tafiyar hawainiya. Sai a mota, ranar zuwa Argungu, muka samu zama mu ji nasa. Yana zaune a damana, ya miƙo mini bakin iyafis guda, na cusa a kunnen da ke kusa da shi. Har muka wuce Ambursa ba abin da ke shigo mini sai wani gurnani can ƙasa.

"Bawana, saurara nan," in ji shi. "Ka ji abin ga awa ana taɓa kohin gilas da cokali?"

"Ba ni jin komi sai gurnani. Ko injin niƙa ya hi wanga kiɗi daɗi."

"Kai dai ɗaukar buhu ad daidai da kai. Mi ya haɗa bawa da kiɗin manya?"

Na rantse babu cokali babu kofi, ya rantse akwai. Muka kai musun har bakin gulbi, na yi ta zuba, ina cewa yarinyar ta kunna kwamfuta ne ta tafi wanke-wanke. Baki kam ina da shi, kuma ranar na sa abokanmu dariya.

Babban cikinmu malamin makaranta ne, Yaya muke ce masa. Ya ajiye ƙayar kifin da ke hannunsa ya ce mu dakata. Ya karɓi wayar, ya sa duka bakin biyu, ya rufe ido. Can sai ya fara murmushi.

"Yarinyar ga raba sautin ta yi, wani hagu, wani dama. Kai rabi kaj ji, shi ma rabi yaj ji. Shekara nawa muna yanke ma mutane hukunci da kunne guda?"

Aka kwashe da dariya. Kowa ya fara tuno albam ɗin da ya kayar a baya, yana cewa ashe zaluntar bayin Allah muka yi ta yi. Nan take aka soke dokar. Ni ma na yi dariya, kuma na ji sanyi a raina da laifin ya zama na iyafis. Yaya ya ciro babban iyafis na ɗorawa a kai daga jakarsa, irin mai rufe kunne ruf, ya ɗora mini.

"Ji da kanka. Cokalin zai tashi daga hagu, ya ratsa kanka, ya sauka dama. Nan daɗin yake."

Na ji shi kuwa. Siriri, tsaf, a kunnen hagu, kuma wallahi ya yi daɗi. Ya fara tafiya, ina biye da shi, ya iso tsakiyar kaina. Daga nan sai ya ɓace. Na jira ya fito ta dama, bai fito ba. Bayan ɗan lokaci ya sake ɓullowa a hagu, ya sake tafiya, ya sake faɗawa wannan ramin.

Na ce a raina abin Yaya ne ya lalace. Na yi kamar ina gyara zamansa, na juya shi, na dama ya koma hagu. Na mayar da kiɗin baya. Wannan karon shiru na fara ji, sannan cokalin ya fito daga tsakiya ya sauka a hagu, lafiya lau. Abin Yaya ba abin da ya same shi.

Tsoro ya kama ni. Ga abokaina a gabana suna ta musu kan na uku da na huɗu, ni kuwa ba inda hankalina ya tafi sai wurin tsohon da ya koya mini aikin injin. Yanzu a bakin ƙofa yake zama yana ɗinkin buhu. Ba a kiransa, sai dai a taɓa kafaɗarsa. A masallaci ba ya jin kabbarar liman, ta gefen ido yake satar kallon na kusa da shi, in ya sunkuya shi ma ya sunkuya. Ban taɓa tambayarsa ta wane kunne abin ya fara masa ba.

Sai abubuwa suka yi ta dawo mini. Yadda na koma amsa waya da hannun hagu ban san ranar da na fara ba. Yadda matata ke cewa ta yi ta magana na yi banza da ita, ni kuma in ce ba ta ɗaga murya ne. Ashe ba don gwaninta na zaɓi albam mai dukan ƙirji ba, shi kaɗai ne ke iso mini gaba ɗaya.

"To, mi kag gani?" Yaya ya tambaya.

Na ce ya yi. Da aka zo ƙuri'a na ɗaga wa yarinyar hannu, ita ta zo ta ɗaya. Na shirya wa shan tsiya, don taubashina ba ya barin irin wannan dama ta wuce. Amma ko murmushi bai yi ba. Ya ga lokacin da na juya abin, kuma tela ba ya rasa ganin inda ɗinki ya karkace.

Da aka tashi wanke hannu a gulbi, ya zo ya tsuguna a damana. Ya kawo bakinsa daf da kunnena kamar mai gaya mini asiri. Na ji ɗumin numfashinsa, na ji ƙarnin kifi. Na tsaya cak ina jiran magana. Da na waiwaya, ya riga ya gama, yana kallona yana jiran amsa.

Bai maimaita ba. Ya miƙe ya zagayo ta hagu.

"Ɗan uwa, mu tai asibiti gobe."

Tun muna yara ban taɓa jin ya kira ni haka ba. Na ce masa kaka ce, manoma sun jibge shinkafa suna jira, in ban je ba mai injin zai sa wani, kuma ina da iyali. Na ce sai aiki ya lafa. Ya ce aiki ba ya lafawa, na san haka. Na sani ɗin.

Washegari da safe na tsaya a kanti na sayi auduga. Na isa Zauro na tarar da buhuna har bakin hanya. Na gaida tsohon da hannu, ya amsa da hannu. Na cusa audugar a kunne, na tsaya gaban makunnin injin ina kallonsa. Kunne ɗaya ya rage mini, kuma da shi na shigo. Wani manomi ya buga ƙofa yana nuna mini rana. Na yi bisimilla na kunna.