Maƙerin da Ya Ceci Yatsan 'Yata

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina zaune da agogon wani a buɗe a gabana, babban ɗanka ya tsaya a bakin rumfata. Ko sallama bai iya yi ba. Ya dubi ƙofar shagonka da ke rufe, ya dube ni, ya ce, "Kawu, Baba ya cika." Ashe ciwon ƙirjin da kake ce mana mura ce, shi ne ajali.

Shekara da shekaru bango ɗaya ne tsakaninmu, kai kana ƙirar zinariya da azurfa, ni ina gyaran agogo. A bakinka na san cewa kowane ƙarfe da iyakar haƙurinsa a wuta. Kuza da dalma tun wuta ba ta yi ja ba sun zama ruwa. Azurfa tana riga zinariya narkewa, jan ƙarfe kuwa ya fi su taurin kai. In kana liƙa sarƙar da ta tsinke, ba mai tari a shagon, don ƙarfen liƙin da kake haɗawa yana narkewa ne gab da sarƙar kanta. Ka ɗaga wutar da wuri, liƙi bai kama ba. Ka daɗe, sarƙar gadon wata mata ta zama dunƙule. Ni kuwa saboda saurin fushina ka laƙaba mini Dalma, har jikokina suka ɗauka sunana ne.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar da surukina ya kawo Auta, 'yata, da tsohon ciki. Ƙofar mota ce ta datse mata hannu, yatsan da zobe ke ciki ya kumbura. Sun gwada sabulu, sun gwada mai, sun naɗa zare, duk a banza. Yatsan ya yi baƙi-baƙi, zoben ya nutse cikin nama, ita kuma ta fara cewa ba ta jin kansa.

Na ce, "Yanke zoben mana, ai azurfa ce!"

Ka ga irinsa sak a hannun mijin, ka ce, "Ciro naka." Ka jinjina shi a tafin hannu, na ga fuskarka ta sauya. Ka aza shi a sikeli, sannan ka rataye shi da zare cikin kofin ruwa ka sake dubawa.

Ka ce, "Wannan ba azurfa ba ce. Azurfa tana ninka nauyin ruwan da ta ture sau goma da 'yan kai. Wannan ya doshi sha biyar."

Ka goga masa magagari, ko ƙwarzane bai yi ba. Ka sa zarto, haƙoran zarton suka dakushe. Surukina, gumi na tsiyaya daga haɓarsa, ya ce, "Baba, ko a ɗan gasa shi ya yi laushi?"

Ka ce, "Ɗana, wutar da ke narka mini zinariya ko gezau wannan ba zai yi a cikinta ba. Hannun ne zai gasu."

Nan Auta ta fashe da kuka, ta ce, "Baba, yanke mini yatsan za a yi?"

Ka ce mata, "Ba a shagona ba, 'yata. Irin wannan ƙarfen ba ya lanƙwasa, amma yana fashewa." Ka tambayi mijin ko ya yafe nasa, ya ce ya yafe har da hannun. Ka sa zoben nasa a bakin filaya mai kulle, ka matsa, ka ƙara, sai ƙas! Ya tarwatse kamar tangaran.

Saura na hannunta. Ka rufe mata fuska da tawul saboda ɓarɓashi, ka ce in riƙe kafaɗarta, mijin ya danne gwiwar hannun. Ka kama zoben da filaya, ka saki, ka ɗan murɗa noti, ka sake kamawa. In matsin ya gaza, ba abin da zai faru. In ya zarce, ƙashin yatsa ne a ƙasa. Ina jin jikinta na karkarwa, ina jin numfashinka. Gumi ya shiga idonka, ba ka share ba. Ka murɗa, shiru. Ka sake murɗawa, shiru. Ta yi ƙara ta kira mahaifiyarta. Na buɗe baki zan ce a bari haka, ka ce, "Dalma, yi mini shiru." Sai ƙarar ta zo, zoben ya faɗo gutsuri-gutsuri a kan tebur.

Muka zuba wa yatsan ido har jini ya fara komawa, baƙin ya soma washewa. A lokacin ne ka ajiye filayar. Ka ce maza a kai ta asibiti a duba ƙashin. Da surukina ya sa hannu a aljihu, harara ɗaya ka yi masa ya fito da shi wayam.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da jikokinka, da dukan abokan sana'arka. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka haramta jikinsa ga wuta, Ka nauyaya mizaninsa da alheri.

Auta ta zo zaman makoki da ɗanta a goye. Ta zauna a gefen maiɗakinka tana ja maka tasbihi, tana ƙirgawa a gaɓoɓin wannan yatsan. Allah Ya karɓa, amin.