Malama Guduma da Injin Matse Ƙarfe

Ɗalibanta ne suka raɗa mata Guduma, don duk manhajar da aka kawo mata ana taƙama da ita, kafin a gama gaisawa ta farfasa ta. 'Yar makanike ce, a gareji ta tashi, kuma bakinta bai san lallashi ba. Shekara goma sha bakwai ta yi tana koyar da kwamfuta a jami'a, a wani ofis mai fanka ɗaya da tagar da ba ta rufuwa. Bincikenta ɗaya ne: ta rubuta wata manhaja da ke yi wa sauran manhajoji ruwan umarni, na hankali da na hauka, har sai sun faɗi, sannan ta nuna layin da ɓarakar take.

Wata Laraba da hantsi, injin matse ƙarfe na wata masana'antar tukwane ya sauko a kan hannun ƙanin mijinta. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙarar ƙashin duk da rugugin injina. Jini ya fallatsa har kan maɓallai. A asibiti aka guntule hannun daga gwiwa, kamfani kuma ya ce sakacinsa ne.

"Wallahi Yaya, na danna birki," ya ce mata daga kan gadon asibiti. "Na danna, ya ƙi tsayawa."

"Na ji, maigidana ƙarami," ta ce, tana share masa gumi. "Zan tambayi injin da kaina."

Ƙungiyar ma'aikata ta kai ƙara, kotu ta ba ta kwafin manhajar injin. Kwana tara tana dukanta da gwaji kafin manhajar ta faɗi. Ashe idan aka danna birki a daidai ƙiftawar da aka taka fedar da ke sauko da matsin, injin mantawa yake da umarnin tsayawa. Sau ɗaya ne cikin dubu arba'in.

Saura kwana biyu ta nuna wa alƙali, wasu ƙarti biyu suka tare ta a matakalar ofis da rana tsaka.

"Ke ce malamar gwaje-gwaje?" in ji dogon.

Nan take ya shaƙe ta, ya buga kanta da bango. Ta ɗaga kwamfutar da ke hannunta ta rafka masa a hanci, jini ya ɓalle, ya sake ta yana ashar. Ɗayan ya kwashe mata ƙafa, ya take mata wuyan hannu, ya sauke mata rodi a kan yatsu sau uku. Suka tattake kwamfutar suka gudu, suka bar ta tana tofar da haƙori.

"Ki rufa mana asiri ki bar maganar nan," in ji mijinta, idonsa jawur. "Hannu nawa gidanmu zai bayar?"

"Baban yara, akwai irin injin nan arba'in da shida suna aiki yanzu haka. Kowanne da hannun ɗan wani a ƙarƙashinsa."

Aikin nata yana ajiye a kwamfutoci uku, don haka ba abin da ya ɓace. Ranar da alƙali ya zo masana'antar, ta iso da hannu a naɗe da ƙashin cinyar bijimi da ta karɓo wurin mahauci. Ta ɗora shi a bakin injin, ta sa kwamfuta ta aika umarnin biyu tare. Fitilar birki ta kama ja, amma injin ya sauko. Ƙashin ya tarwatse, ɓargo ya fantsama a rigar manajan masana'antar. Lauyan kamfani ya koma gefe yana amai.

Aka dakatar da injinan duka, aka wanke ƙanin mijinta daga zargi. Waɗanda suka dake ta kuwa, har yau ba a kama su ba.

Yatsunta uku ba su sake lanƙwasuwa ba. Da sauran bakwai ta ƙirƙiro wani ɗan harshen rubuta manhajar injina, wanda ba ya karɓar duk tsarin da zai bar wani umarni ya danne na tsayawa. Injiniyoyi suka yi ta ƙorafin ya cika tsauri, amma suka koye shi, tsofaffin ɗalibanta suka yaɗa shi masana'antu. Bara ta yi ritaya. Har yanzu akan kira ta idan wani inji ya ci mutum, takan ɗauki jakarta ta tafi, mijinta na tuƙa ta yana mita.