Bidiyon da Na Zaɓa wa Baba

Baba ya dawo daga daji da ƙafafunsa, amma bayansa ya lalace. 'Yan bindiga ne suka ɗauke shi a gonarsa ta Kuyello yana cikin karyar masara, suka riƙe shi har kaka ta wuce. Da aka sako shi, mutumin da yake ɗaga buhun dawa shi kaɗai ya koma ba ya iya sunkuyawa ya ɗauki buta. Salla ma a zaune yake yi, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Burinsa guda ne, ya tsaya a sahu ya yi ruku'u kamar kowa. Bai taɓa gaya mana abin da aka yi masa a can ba. In an tambaye shi sai ya ce, "An gode Allah," ya kau da kai.

Lokacin mun riga mun baro ƙauye, muna raɓe a gidan kawuna a cikin garin Birnin Gwari. An yi masa ƙaho, an shafa man zafi, an sha jiƙe-jiƙe har gidan ya koma warin saiwa. Babu sauƙi. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ja ni gefe a asibiti ta ce jijiyoyinsa ne suka ƙage, sai an riƙa miƙe su a hankali.

"Ki nemi bidiyon yoga a waya," in ji ta, "na masu koyo, na ciwon baya."

Na ce, "Anti, ba shi ne bautar Indiyawa ba?"

Ta yi tsaki. "Ke dai ki zaɓa da kyau. Motsa jiki ne."

Sabis a garinmu sai ka bi shi kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Na hau tudun bayan tasha da hantsi, na ɗaga waya sama, rana tana gasa mini ƙeya. Bidiyon farko mata ne, kayan jikinsu kamar an shafa musu fenti. Na ce wannan in kawu ya gani, ni da wayar a rijiya za mu kwana. Wani da kiɗa. Wani kuma ga gunki a bayan mai koyarwar, har da turare yana tashi. A wani kuma mutanen suka haɗa tafin hannu suka kifa goshi a ƙasa, sak sujada, ba alƙibla ba alwala. Na yi ta turewa raina yana ɓaci.

Can na dace da wani dattijo mai furfura, riga da wando masu yalwa, a ɗaki fayau, ba kiɗa ba gunki. Na ja yatsa daga farko har ƙarshe ina duba ko akwai abin da za a ce ya saɓa wa addini ko mutunci. Ban ga komai ba. Na sauke shi, na koma gida ina jin na yi abin kai.

Sai ga wata matsalar. Dattijon Turanci yake yi, kuma ni kaɗai ke ji a gidan. Ga shi ni ce 'yar fari. Baba ko sunana ba ya kamawa, ni kuma ban taɓa zama na haɗa ido da shi ba, balle in tsaya a kansa yana miƙe ƙafa. Inna ce ta kawo dabara: a shimfiɗa masa tabarma a ɗaki, a saki labule, ni in zauna a waje da wayar ina fassara masa. Ita kuma ta ɗauki kwano ta tafi niƙa don ya sake.

Da farko komai lafiya. Na ce ya zauna ya ja numfashi, ya ce, "To." Na ce ya ɗaga hannu sama, ya ce, "To." Har na ji daɗi. Injin niƙan maƙwabta yana ta ruri, don haka na ɗaga murya. Dattijon yana magana da taushi, yana ta cewa in mutum ya ga zai iya, in bai ji zafi ba. Ni kuwa sauri nake kada ya wuce ni, sai na riƙa zubar da duk wannan ina faɗin gundarin kawai.

"Kwanta rub da ciki!"

"Sa hannu a baya, ka haɗe su!"

"Goshi a ƙasa. Rufe ido. Kada ka motsa!"

Bai ce "to" ba. Na ɗauka ya mai da hankali ne. A nan wayar ta mutu, don cajin ya yi ƙasa tun a kan tudu ban lura ba. Kunya ta hana ni cewa na yi shirme. Na ce a raina in ya ji shiru zai tashi da kansa. Na saci jiki na tafi wurin mai caji a bakin titi, har na tsaya muna gaisawa da wata 'yar ƙauyenmu, muna lissafin waɗanda suka gudo da waɗanda har yanzu ba labarinsu.

Sai daga baya wani da aka tsare su tare da Baba ya gaya wa kawu cewa haka ake kwantar da su a dajin, fuska a ƙasa, hannu a baya, mai ba da umarni yana inda ba ka ganinsa. Wanda ya motsa kafin a ce ya tashi, gindin bindiga ne a gadon bayansa. Ni a ranar ban san wannan ba.

Da na dawo Inna ba ta dawo ba, gidan tsit, injin ma ya tsaya. Na yi sallama a bakin ƙofa, ba amsa. Na sake yi. Sai na ɗaga labulen.

Yana nan yadda na bar shi. Gumi ya jiƙe tabarmar, yatsunsa a sarƙe a baya har sun yi fari, duk jikinsa yana rawa. Na durƙusa kusa da kansa, na ce, "Baba, ni ce. Ai an gama tun ɗazu."

Bai ɗago ba. Da wata siririyar murya da ban taɓa jin sa da ita ba ya ce, "Ban motsa ba, ranka ya daɗe. Wallahi ban motsa ba."