Ledar ɗaki a injin ƙyanƙyasa

Na buɗe injin ƙyanƙyasa da safe, na tarar da 'yan tsaki goma sha huɗu a baje, ƙafa ɗaya gabas, ɗaya yamma. Sai kuka suke, babu mai iya miƙewa.

Ƙwan Gwaggo Hansai ne, maƙwabciyarmu a wajen Tsanyawa. A shekarar masara ta gagari mutane, ta sayar da kazarta ta ƙarshe ta auno tsaba, ta kawo mini ƙwan, tunda ni ce mai digirin noma.

Ni kuwa, sarkin tsafta, na yanko ledar ɗaki mai sheƙi na shimfiɗa a ƙasan injin don sauƙin wanki. Santsinta ne ya ware musu ƙafafu tun suna jiƙe.

Gwaggo ta shafa ledar da yatsa.

"Malama, a jami'ar taku ba a nuna muku akurki ba?"

"An nuna mana, Gwaggo. A hoto."

"To, kan ƙaiƙayi kaza take kwanci. Ɗauko zare."

Muka wuni muna ɗaure musu ƙafafu a kan buhun algarara. Uku ne suka tsaya. Sauran kwana biyu suka yi, na binne su a bayan danga.

Ta sa ukun a ƙwarya, ta ce Allah ya yi mini albarka. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Masu injin ƙyanƙyasa, me kuke shimfiɗawa a naku? Ni dai yanzu sai buhu.