Rakiyar da ta raba Malam da amininsa

Mu uku ne a ɗan kamfaninmu na ba da shawara kan shugabanci da zaman ma'aikata. Ni tsohuwar jami'ar kula da ma'aikata ce, na yi ritaya da bakina wanda ba ya iya riƙe magana. Akwai abokin aikinmu da ya koyar da kasuwanci a kwaleji, gwanin tausasa zance. Sai Malam, tsohon hedimasta ɗan Kibiya, wanda ya girme mu duka. In wurin aiki ya rikice a kira mu, mu zauna da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya mu ji ta bakinsu, sannan mu gaya wa mai wurin abin da muka gano.

Wata shekara bayan kaka aka kira mu wani injin gyaran shinkafa a Rano. Mai injin, Alhaji, aminin Malam ne tun suna makarantar allo, shi ne ma babban abokin ango ranar auren Malam. Kukansa shi ne ma'aikatan yanzu sun lalace, sai ka koya wa mutum aiki, da ya ƙware ya kama gabansa.

Ba mu daɗe ba muka gane inda matsalar take. Alhaji ba marowaci ba ne, yana ciyar da su, in rashin lafiya ta zo shi ke kai mutum asibiti. Amma in ransa ya ɓaci ba ya duba wanda ke tsaye a wurin. Shugaban ma'aikatansa, dattijo mai furfura daga Rurum, shi ne Alhaji ya kira sakarai a gaban surukin dattijon da ya zo sayen dusa. Dattijon ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake dawowa ba. Waɗanda suka rage ma ƙafarsu ɗaya na waje.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a tara kowa a gaya wa Alhaji a gabansu, shi ma ya ɗanɗana. Abokin aikinmu kuwa ya ce mu ce akwai giɓi wajen sadarwa. Na ce masa giɓin me, an tozarta dattijo gaban surukinsa kana mini turancin kwaleji? Malam ya bari muka gama. Ya ce in muka faɗa cikin jama'a mun yi masa abin da muke hana shi, in muka lulluɓe kuma ba zai ji ba. Na ce to ni zan same shi shi kaɗai. Ya ce Alhaji zai yi mini godiya, ya raka ni har mota, gobe ya ci gaba da halinsa, don bai taɓa ɗaukar gyara daga baƙo ba. Shi da kansa zai faɗa masa.

Na ce, "Malam, in kai ka faɗa masa, za ka rasa shi."

Ya ce ya fi ni sanin haka.

Alhaji ya zo gidan Malam a Kibiya bayan la'asar don jin sakamako. A zaure muka yi maganar ƙananan abubuwa, lokacin hutu, rumfar da masu dako za su fake. Da ya miƙe, Malam ya sa takalmi ya ce bari ya taka masa. A wajenmu magana mai nauyi sai a rakiya ake yin ta, inda babu kunnen kowa. Ina hango su daga zaure, sun tsaya a bakin mota. Daga baya Malam ya gaya mini abin da ya ce.

"Alhaji, mutanen nan ba su lalace ba. Bakinka ne yake korar su. Kana ciyar da mutum, kuma kana kunyata shi gaban iyalinsa."

Alhaji ya dube shi ya ce, "Har da kai?" Ya shiga mota ko sallama babu.

Abin da ya fi ba ni haushi, maganar ta shige shi. Da ƙafarsa ya je Rurum ya ba dattijon haƙuri. In wani ya yi kuskure sai ya ja shi gefe. Amma Kibiya ya daina zuwa. Sallah ta wuce bai leƙo ba, auren 'yar Malam wakili ya turo. Na ɗauki mayafina zan je in same shi, Malam ya hana ni. Ya ce ba gaba ba ce, kunya ce, Alhaji ba zai iya haɗa ido da shi ba, a bar shi. Ni dai ban ga dalili ba, har yau ma ban gani ba.

Da ciwo ya kwantar da Malam na je duba shi. Ina zaune direban Alhaji ya yi sallama, an aiko shi da buhun shinkafa da gaisuwa. Malam ya ɗaga kai yana duban ƙofa, ko akwai wani a bayansa. Babu kowa. Ya tambayi direban ko maigidan yana yi musu faɗa cikin mutane har yanzu. Direban ya ce a'a, ya daina tuntuni.

Malam ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya juya fuskarsa bango, na ji yana kuka a hankali.