Baƙin Yatsan Baba

Kafin rana ta yi zafi, Baba yana gindin injin haƙa, a filin da kamfani ya ɗauka haya don neman ma'adinin manganis. Ba ya tayar da injin sai ya zagaye shi, ya taɓa nan, ya ɗaure can. In bututu ya fito daga ƙasa da dogon dutse a cikinsa kamar rake, hannu biyu yake sawa ya karɓa, ya wanke, ya kwantar a akwati bi da bi yadda ƙasa ta jera shi. Har ce wa dutsen yake yi, "Sannu da hanya."

Ni ce autarsa, ni ke kai masa abinci. Rabona dai "Ajiye can."

Manganis baƙi ne, yana kama hannu. In Baba ya murza dutse ya ga baƙin ya zauna, sai ya danna babban yatsansa a murfin akwatin ya ce, "Wannan ya yi." Tun ina ƙarama nake jin haushin akwatunan nan. Katako ma ya samu yabo, ni ina tsaye da kwano.

Amma gaskiya a faɗe ta. Malama mai duba duwatsu ta ce akwai ranar da akwati ya kife, duwatsun suka cakuɗe, ba wanda ya gani sai Baba. Da a ce ya mayar da su yadda ya ga dama, da an wuce wurin. Sai ya je ya ce, "Malama, wannan akwatin ya daina faɗin gaskiya." Aka sake haƙa ramin. Manoman gefen filin kuma sun shaida bai taɓa barin rami buɗe ba, sai ya toshe shi da siminti, kada tunkiya ta karye ƙafa.

Kai ne mai rufe abin da ka buɗe, Baba. Kai ne kowa ke kira Baba kamar shi ka haifa, ina ji ina haɗiyewa.

Ranar da ya ajiye aiki, ma'aikata suka yanyame shi, ni ina can baya.

Direban tankar ruwa ya ce, "Baba, ka tafi da injin gida mana! Ina za ka iya barci ba ƙararsa?"

Baba ya ce, "Kai fara kawo ruwa ba ka zubar da rabi a hanya ba, sannan ka ba ni shawara."

Ana cikin dariya ya waiga. "Ina auta?"

Na matso, kaina a ƙasa. Na zaci kwano zai miƙo mini. Sai ya kama hannuna, ya danna yatsansa a tafina, a gaban kowa.

"Wannan ta yi," in ji shi. "Tun tuni."

Direba ya ce, "To, a kawo murfi!"

Godiyar da ta kamace ni a ranar, ga ta na rubuta. Na gode, Baba. Allah ya ba ka hutu da lafiya. Masu haƙa da ke bayansa, ku jera dutse da gaskiya, ku toshe raminku kamar yadda ya yi. Amma in akwai mai tsaye da kwano, kada ku bari sai ranar sallama.

Akwatuna kuma sai su yi haƙuri. Yanzu ya dawo gida.